Na sayi Boxer babu babban jak, ina son in mayar masa

Mai Riɗi, daga ƙasar Garki:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce gare ni ga bakanikai da duk wanda ya daɗe da babur a hannunsa.

Da aka sayar da riɗin bana na haɗa kuɗi na sayi babur Boxer na hannu wajen wani yaro da ke jigilar mutane tsakanin Gujungu da ƙauyukanmu. Injin lafiya lau yake, ba hayaƙi ba ƙara, amma babu babban jak, wato na tsakiya mai ƙafa biyu, a jikinsa, sai ƙaramin na gefe kaɗai. Na tambayi yaron, ya ce shi ya cire da hannunsa, wai in ya ɗauko mutum biyu da buhu yana kartar ƙasa a kwana, ga sifirin ɗin ya saki har sai da ya koma ɗaure shi da robar tsohon tif. Inda ya jefar da shi ma bai tuna ba.

Ni ba haya nake yi ba. Gona ce, sai kasuwa ran Lahadi, sai kai mai ɗakina awo in ranar ta zo. Amma rashin jak ɗin nan ya fara isa ta. Hanyarmu ƙaya ce, ta aduwa da ta bagaruwa, kuma duk sanda tayar baya ta sace sai mai faci ya sa a kwantar da babur a ƙasa, ko a kinkimo shi a ɗora cikinsa a kan kututture. In an kwantar, fetur ya riƙa tsiyaya ina kallo, ni kuwa tun da aka janye tallafin mai a 2023 ko ɗigo ɗaya ba na son ganinsa a ƙasa. In zan sa wa cen mai, sai ni ina tura babur ɗana yana bi na a tsugune da gwangwani. Da dare kuma a zaure nake kwana da shi, zauren ƙarami ne, in ya karkace a kan ƙaramin jak sai mai shiga gida ya bi ta gefe yana goga riga.

To abin da nake son sani: kowane jak na samu a kasuwa zai shiga, ko sai nasa? Me da me zan haɗa wajen saye don kar in dawo gida in tarar da saura? Zan iya ɗaurawa da kaina? Sannan akwai maganar ɗora babur ɗin a kansa. Maƙwabcina yana da irinsa da jak ɗinsa, na gwada ɗagawa na ji nauyi har a ƙuguna, shi kuwa da bai kai ni jiki ba sai ka ga ya yi abin cikin ƙiftawar ido. Akwai dabara ne? Allah ya saka da alheri.

Bakaniken Gujungu:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya.

Kafin ka fitar da ko sisi, durƙusa ka leƙa ƙarƙashin babur ɗin, daidai bayan inji, kusa da inda ƙafar birki ta kama. Za ka ga kunnuwa biyu na ƙarfe a jikin firam, kowanne da huda. Nan ne gidan jak. Abin dubawa shi ne ko suna nan duka biyun, ko sun miƙe suna kallon juna, kuma ko hudar tana nan zagayayya ko ta ci ta yi faɗi. Ka duba kuma ɗan ƙugiyar da ake maƙala sifirin, don masu cire jak wani lokaci har ita suke doke wa da guduma. In duk wannan lafiya, aikinka bai wuce tsakanin la'asar da magariba ba.

A yawancin ƙananan baburan nan, dogon fin ɗin da jak yake juyawa a kansa shi ne kuma yake riƙe da ƙafar birkin baya. Don haka da wuya ka tarar wurin fayau, fin ɗin yana nan, jak ɗin ne kawai aka zare. Ma'ana in ka taɓa shi ka taɓa birki. Riƙe wannan a ranka, zan dawo kansa.

Ba kowane jak ne zai shiga ba, kuma wanda ya shiga ma ba lallai ya yi daidai ba. Tayar Boxer inci 17 ce, ta tsofaffin Jincheng da masu ƙirar Honda CG inci 18, tsayin ƙafafun jak ɗinsu ba ɗaya ba ne, faɗin wuyansa ma haka. In ka sa wanda ya yi tsawo, kullum sai ka yi kokawa kafin babur ya hau. In ya yi gajere, babur zai hau a sauƙaƙe amma tayar baya tana ƙasa, ba za ta juya ba, ka yi asarar kuɗi ke nan. Daidai shi ne in babur ya hau a kan daɓe, yatsunka biyu su shige ƙarƙashin tayar baya. Ka tafi shago da babur ɗin, a gwada a gabanka. Ni da za ka bi tawa, nemi wanda aka ciro daga jikin tsohon Boxer da ya mutu, ƙarfensa ya fi na sababbin da ake kawowa a leda kauri. Ɗauki biyun a hannu ka ji nauyinsu, ba sai an yi maka bayani ba. Masu kayan babur a nan kasuwarmu ba sa rasawa, in kuma kana da mai shiga Kano, a duba maka kasuwar Ƙofar Ruwa.

Ka haɗa da sifirin sabo, kar ka karɓi tsoho ko kyauta aka ba ka. Wasu baburan sifirin biyu ne, ƙarami a cikin babba, don in ɗaya ya tsinke ɗayan ya riƙe. Dubi na maƙwabcinka ka ga yadda nasa yake, har da wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da ke shiga tsakanin sifirin da firam in nasa yana da shi. Ɗauki hotonsa a waya ta ɓangare biyu, zai yi maka amfani wajen mayarwa. Sai washa, sai ɗan ƙaramin fin mai ƙafa biyu da ake zurawa a bakin dogon fin a lanƙwasa, sai 'yar robar da jak yake dukan ta in ya koma sama. Robar nan mutane suna raina ta. In babu ita jak yana wuce wurin tsayawarsa, ya riƙa bugun salansa ko cen ya riƙa gogarsa, ka yi ta jin ƙara kana zargin inji.

Wajen ɗaurawa, bari inji ya huce tukuna don hannunka zai yi ta gogar salansa. Ka samu ƙasa mai tauri, ka sa babur a giya ɗaya a kan ƙaramin jak, ɗanka ya riƙe maka kai. Miƙar da ɗan fin ɗin da filaya ka zare, ka buga dogon fin a hankali ya fita. In tsatsa ta kama shi, ɗiga masa kananzir ka ba shi lokaci, kar ka yi ta narka masa guduma har bakinsa ya buɗe. Goge shi tas, ka shafa giris, ka sa jak tsakanin kunnuwan, ka daidaita ƙafar birki yadda ka same ta, ka mayar da fin. Washa, ɗan fin, ka lanƙwasa ƙafafunsa. Kar ka sa ƙusa a madadinsa, girgizar hanya tana fitar da ita. Giris ɗin da ya fito waje ka share, don ƙasarmu rairayi ce, in ya haɗu da giris shi ke cinye fin.

Sifirin shi ne wurin da ake jin jiki. Ɗaga jak ɗin sama, wajen zamansa na tafiya, a nan tazarar ta fi gajarta. Kar ka ja shi da filaya, tana suɓucewa, ko ta fasa maka yatsu a jikin inji ko sifirin ya yi tsalle ya nufi ido. Samu tsohuwar wayar kuloci, ka yi mata hanci ka zarga a ƙugiyar sifirin, ɗaya bakin ka naɗe a jikin sifana, ka zauna a ƙasa ka tokare ƙafa ka ja da hannu biyu, fuskarka a kauce. In ya ƙi, ga wata dabara: lanƙwasa sifirin a hannunka, bakin zobbansa zai buɗe, ka cusa washa, ka lanƙwasa ɗaya gefen ka cusa wata, haka haka har ya ƙara tsawo ya kai da kansa. Da sulalla ake yi a da, yanzu wa zai ba ka su. In ka maƙala, ka sauke jak ɗin ƙasa, sifirin zai miƙe washoshin su zubo.

Sai birkin da na ce zan dawo kansa. Taka shi ka ga yana komawa sama da kansa, kuma ya sauka kamar milimita 20 zuwa 30 kafin ya kama. Akwai wani siririn sifirin da ke jan makunnin fitilar birki, shi ake yawan mantawa a bar shi yana reto. Daga nan ka tura jak ƙasa da ƙafa ka sake shi. In ya koma sama da ƙarfi har ka ji ƙas, aiki ya yi. In ya tsaya a rabi yana lilo, kar ka hau babur ɗin.

Ɗan Acaɓan Maigatari:

Oga bakanike ka yi bayani, amma a bar ni in kare yaron da ya cire, don ni ma nawa a cire yake. Tun da aka hana acaɓa a birnin Kano a 2013 na dawo gida nake wannan sana'a, kuma hanyoyinmu ba kwalta ba ce. Ran Alhamis in na ɗauko buhun zoɓo biyu da mai kayan, shokozoba ta kwanta, cikin babur ya sauko. Ka shiga hanyar da amalanke da tarakta suka haƙa rami biyu suka bar tudu a tsakiya, abin da zai fara taɓa ƙasa jak ne. A kwanar hagu kuma wannan ɗan hannun da ake takawa shi ke fara karta, in ya caki ƙasa mai tauri sai ya ɗage maka tayar baya. Na ga wanda hakan ta kayar, shi da fasinja.

Kuma Malam Mai Riɗi, kar ka ɗauka babban jak ya fi ƙarami tsayuwa a ko'ina. A kan siminti, e. A rairayi kuwa ƙafafunsa biyu kusa da juna suke, duk nauyin babur a kansu, ɗaya ta nutse kaɗan sai ka juyo ka tarar da shi a kwance. Ƙaramin jak da taya biyu sun fi baje wa a ƙasa, abin da yake buƙata kawai ɗan faffaɗan abu a ƙarƙashinsa. Ni guntun katako nake yawo da shi a ƙarƙashin roba, wani lokaci ma murfin gwangwani ya isa. Haka in hadari ya taso da iska, ko a gidan da raguna ke sosa jiki da duk abin da suka samu, na fi yarda da ƙaramin.

Kai da ba lodi kake yi kullum ba, sa abinka, zai yi maka rana wajen faci. Amma ranar da za ka kai taki gona, ko da buhu ɗaya ne mai kilo 50, kar ka ɗaure kaya babur yana kan babban jak. Za ka ga ya tsaya cak ka ji daɗin ɗauri, sai an zo saukewa nauyin ya fizge ka.

Baba Mai Jincheng, Ringim:

Ɗana Mai Riɗi, bar ƙugunka ya huta, ba shi ake sa wa aikin ba. Ni na tsufa, gwiwa ma sai a hankali, amma har gobe ni ke ɗora babur ɗina da kaina. Babur ɗinka ya haura kilo 100, in ka ce da hannu za ka ɗaga shi, ka ɗauki buhun gero ke nan a sunkuye. Maƙwabcinka nauyin jikinsa yake ba jak ɗin, jak ɗin ya yi sauran.

Kashe inji, ka fitar da giya ya zama firi, don in yana cikin giya tayar baya ba za ta yarda ta gangara baya ba, kai kuma ka yi ta ja. Sauka ka tsaya ta hagu, jikinka dab da babur, ba daga nesa kana miƙa hannu ba. Hannun hagu a kan hannun babur, kan a miƙe yana kallon gaba. Hannun dama ya kama ƙarfen kariya ta ƙasan sit. Sa ƙafar dama ka taka ɗan hannun jak ɗin har ya taɓa ƙasa.

A nan mutane suke gaggawa. In ka taka, ƙafar jak ta ɓangarenka ce kaɗai ta taɓa ƙasa, saboda babur yana karkace wajenka. Tura shi a hankali ya miƙe, kana danne da jak, har ka ji ɗaya ƙafar ta can ta sauka ita ma. Za ka ji tsoro kamar zai faɗi ta can, ba zai faɗi ba muddin ƙafarka tana danne. Ɗan girgiza shi, in ka ji ya zauna daram a kan biyun, to sai ka hau ɗan hannun nan da dukkan nauyinka kamar mai hawa matakala, ka miƙar da gwiwa, har ƙafarka ta hagu ta kusa barin ƙasa. Hannun dama rakiya kawai yake yi, sama da baya. Kar ka ja kan babur da hannun hagu, in ka ja kan zai juya ya karkatar da shi. Kuma kar ka riƙe birkin gaba, ai baya babur yake son tafiya.

Takalmi yana da magana. Silifas ɗin wanka, balle da jiƙaƙƙiyar ƙafa bayan alwala, zamewa yake yi, ƙarfen ya daki ƙwauri. Sa mai tauri. In da babbar riga kake, ran Juma'a ko ɗaurin aure, naɗe ta a kafaɗa tukuna.

Wajen saukewa, fara duba ƙaramin jak ka tabbata a naɗe yake, in ba haka ba babur yana saukowa zai doki ƙasa ya tunkuɗa shi ɗaya gefen, ko ya sauka a kan yatsun ƙafarka. Kama kai da hannu biyu, yatsunka a kan birkin gaba, ka tura gaba, yana sauka ka kama birki ka ɗan jingino shi jikinka. Matasa suna hawa su zauna su yi ta lilo har ya sauka. Yana sauka ɗin, amma haka ake cinye hudar kunnuwan da bakanike ya faɗa maka. Haka zaman hira a kan babur yana kafe, da yaran gida da ke hawa uku uku suna tuƙin baki. Hana su tun yanzu.

In wuri yana da gangara, kan babur ya kalli tudu. Idan ya kalli gangare, ɗan turi kaɗan zai sauko da kansa, kuma sa giya ba zai cece shi ba tunda tayar baya a sama take. Ranar da taya ta sace za ka ji ya ƙara nauyi sosai, saboda babur ya sauko ƙasa, tafiyar ɗagawar ta ƙaru. Sai ka tura tayar baya ta hau wani ɗan katako mai kaurin yatsa biyu, sannan ka taka. Da katakon nan za ka fara koyo ma, wani yana tsaye ta dama.

Mai Riɗi:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma Baba. Na je gidan maƙwabcin nawa da yamma muka gwada yadda ka ce. Ashe duk abin a jiran ƙafa ta biyun nan yake, da na ji ta zauna na hau, sai ga babur a sama ban san lokacin ba.

Oga bakanike, na leƙa nawa da tocila. Fin ɗin yana nan, kuma shi ke riƙe da birki kamar yadda ka ce. Kunnen dama lafiya. Na hagu ya ɗan buɗe waje, hudarsa ta ci ta yi tsawo, har fin ɗin yana motsi a ciki in na girgiza, kuma ina ganin wani siririn layi a gindinsa kamar tsagewa. Ƙugiyar sifirin tana nan. A haka zan iya sawa in lallaɓa, ko sai an kai wa mai walda?

Ɗan'uwa na Maigatari, na ji maganarka, katakon ma na riga na yanko a wajen kafinta.

Bakaniken Gujungu:

Kar ka lallaɓa, Malam. In ka sa a haka babur zai riƙa tsayawa a karkace, nauyi ya koma kan kunne ɗaya, tsagewar ta ƙarasa. Kuma tunda birkinka a kan fin ɗin yake, gyaran ya zama dole ko da ka fasa sa jak ɗin.

Kai wa mai walda, amma ka tsaya a kansa. A cire tanki a kai shi nesa, a tsiyaye man da ke cikin kafireta, a cire wayoyin batir, a zare soket ɗin ɗan akwatin wuta, don wutar walda tana ƙona shi. Wayarsa ta ƙasa ya maƙala ta a jikin firam kusa da inda zai yi aiki, ba a jikin taya ko inji ba. Ya miƙar da kunnen, ya kama tsagewar, sannan ya samu washa mai kauri wadda hudarta ta yi daidai da fin, ya manna ta a bayan kunnen. Lokacin da zai ɗiga waldar farko fin ɗin ya kasance a zure ta cikin kunnuwan biyu, in ba haka ba za a gama a tarar hudojin ba sa kallon juna. Ka lura washar ta ƙara kauri, ka tabbata bakin fin ɗin yana fitowa har ɗan fin mai ƙafa biyu ya samu shiga. In ya huce a shafa fenti ko baƙin mai saboda damina. Abu ɗaya da ba na so: wasu masu walda don su huta sai su like fin ɗin da firam gaba ɗaya. Kar ka yarda, ranar da za a canza ƙafar birki sai an yanka.

Tunda saboda cen kake son jak ɗin, ga abin da nake faɗa wa kowane yaro da ya zo koyon aiki wajena tun ranar farko. Ba a sa wa cen mai, ba a goge shi, inji yana aiki. Mutum ya ɗora babur a jak, ya tayar, ya sa giya don taya ta riƙa juyawa da kanta, ya kawo tsumma. Cen ya kama tsumman, ya ja yatsu ya kai su cikin haƙora kafin ya ce wayyo. A sana'armu akwai masu guntayen yatsu ta wannan hanya. Kashe inji, ka juya taya da hannu, ka ɗiga mai a layin cen na ƙasa. In kabar cen ɗinka tana nan, akwai rami mai murfin roba a jikinta, ta nan ake ɗigawa, ta nan kuma ake taɓa shi a ji sakinsa. Ya riƙa motsi sama da ƙasa kamar milimita 20 zuwa 30. Juya tayar ka taɓa wurare da yawa, don tsohon cen wani wuri ya fi wani ɗamewa, da wurin da ya fi ɗamewa ake saiti.

Baƙin mai ma a kan babban jak ake duba shi, a wuri mai daidai, bayan inji ya ɗan huta. A karkace awon ƙarya yake ba ka. In za a cire tayar baya gaba ɗaya, ɗaure ƙafar jak da tayar gaba da igiya don kar jijjiga ta sa ya nannaɗe babur ya zauna a ƙasa. In ta gaba za a cire, wani ya danne kariya, ko a ɗora mata abu mai nauyi. Fetur kuma, ko a wane jak ka kafe, rufe makullin mai in za ka kwana.

Manomin Kura:

Ni abin da zan ƙara na masu shiga fadama ne. Mu nan wajen shinkafa taɓo ne mai danƙo, yana cika tsakanin jak da inji ya bushe ya yi tauri, sai ka ga jak ya ƙi komawa sama sosai, ko sifirin ya cika da laka ya daina aiki. Ciyawa da igiyar buhu ma suna naɗewa a wurin. Duk wankin babur a sa tsinke a ƙwaƙule, a ɗiga baƙin mai a bakin fin. A jiƙaƙƙiyar ƙasa kuwa kar a kafe shi a babban jak ko da katako, gara a jingina da bishiya.

Mai Riɗi:

An yi walda, an sa jak, na tsohon Boxer na samu ran Lahadi. Dabarar washa ce ta shigar da sifirin, wayar kuloci ta ƙi. Yatsa biyu suna shiga ƙarƙashin tayar baya daidai, birki da fitilarsa duk suna yi. Saura abu ɗaya: robar nan ban samu ba a shago uku, kuma ina jin wani ƙas-ƙas a ƙasa in na shiga gargada.

Bakaniken Gujungu:

Ita ce. Je wajen mai faci ya yanko maka gefen tsohuwar tayar mota, guntu kamar faɗin akwatin ashana. Ɗaga jak ɗin ka ga inda yake dukan ƙarfe, za ka ga wurin ya yi haske, akwai 'yar huda a kusa da aka yi don robar. Huda guntun ka ɗaure shi a nan da ɗan ƙaramin noti, ba da waya ba, ka ƙwaƙule robar kaɗan don kan notin ya nutse a ciki. Bayan nan ka sa wani mai nauyi ya zauna a baya, babur yana kan tayoyinsa, ka leƙa ka ga ko cen yana taɓa jak. In akwai tazarar yatsa ɗaya tsakaninsu ya isa.